Mai Fiton da Kuka Ɗauka a Gulbin Rima Yana da Suna

Zuwa ga Mai Girma Baturen Awon Gulbi, Sakkwato.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke bakin gulbin Rima, kusa da Wurno. Na koyi boko a ajin manya na mata, kuma da hannuna nake rubuta wannan takarda. Na bi da ita ta jarida ne don an riga an kore ni daga ofishinka sau ɗaya.

Ranar da ka iso mashiginmu daga Goronyo ina wanki a bakin ruwa. Damina ce, gulbi ya cika ya haye fadama. Tafintanka ya ce kana neman wanda ya san ruwa, ya kai ka Argungu da jirginsa, kwana goma a dawo. Kowa ya nuna maigidana, don shi ke fito a nan tun rasuwar mahaifinsa. Bai so tafiyar ba. Ni na matsa masa, ba zan ɓoye ba. Ina da 'yan littattafan hikaya guda huɗu da na karanta har bangonsu ya fita, kuma a kowanne wani ne ke barin gida ya ga duniya ya komo da labari. Na ce ya tafi ya gano mini dorina da ayu, ya tambayo Kabawa ko gaskiya ne Kwara ta yi faɗin da ba a hango wancan gaci. Ya yi dariya ya ce wata rana littattafan nan za su sa in sayar da shi. Ya ɗauki gorar tura jirgi da filafili ya bi ka.

Yau wata huɗu ke nan. An girbe gero, an yanke dawa, ruwa ya janye har an dasa albasa a fadama. Ga kukana.

Na ɗaya. Argungu aka ce, kwana goma aka ce. Ba ku tsaya nan ba, kun wuce Birnin Kabi kun shiga Kwara. Babu wanda ya aiko mana da saƙo, alhali masinjanka ya zo Wurno sau biyu a kan keke ya duba ƙarfen awon ruwa da kuka kafa. Ƙarfen ya samu mai leƙa shi. Gidanmu da ke kallon ƙarfen nan bai samu ba.

Na biyu. Kai ka dawo Sakkwato a mota tun kafin girbi. Abin da muka sani mun ji shi ne daga bakin wani mai fataucin bandar kifi a kasuwar Goronyo. Ya ce a ƙasan Yawuri wani Bature ya harbi dorina mai ɗa, duk da masu jirginsa sun hana shi, ta juyo ta kifar da jirgi ɗaya, aka bar wani Basakkwace a wani tsibiri wajen Gungawa da karyayyar ƙafa. Ko ya rayu ko bai rayu ba, shi bai sani ba. Ba mu ma san ko namu ne ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ni da surukata Inna muka yi tafiyar kwana biyu a ƙafa zuwa ofishinka. Akawunka, wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, ya tambayi sunan mutumin da muke nema. Ranka ya daɗe, a wajenmu mace ba ta kama sunan mijinta, uwa kuma ba ta kama sunan ɗanta na fari. Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na ce maigidana ne, mai fiton Rima. Ita ta ce yaron nan ne nata. Akawu ya kira abokan aikinsa su zo su ga mata biyu da suka zo neman mutumin da ba su san sunansa ba. Amma kafin a kore mu, da ya buɗe littafin tafiyar na leƙa, tunda ina karatu. Ba sunan kowa a ciki. Mai jirgi na ɗaya, mai jirgi na biyu, mai jirgi na uku, shi ke nan. Mu mun san sunan muna jin nauyinsa ne. Ku mi ya hana ku tambaya, kuna cikin jirginsa wata guda?

Na huɗu. Na ga taswirar gulbin a bangon ofishin. Na karanta sunayen mashigai da wuraren da kada ke kwanciya, irin waɗanda yake lissafa mini yana gyaran taru. Daga bakinsa ka ji su. A ƙasan takardar sunanka ne kaɗai.

Yanzu ban san matsayina ba. Wasu tsofaffi sun ce in fara takaba. Liman ya ce ba a takaba sai da tabbacin rasuwa. Na ɗaure littattafan nan na jefa cikin adaka, ba na iya buɗe su.

Roƙona shi ne ka faɗi sunan tsibirin da kuka bar mutumin nan, ka aika wa hakiminmu da shi a rubuce, ka kuma sa a tambayo ko yana da rai. Nan gaba in za ku ɗauki mutum, ku rubuta sunansa da na garinsu. Tunda akawunka suna yake so, ga shi. Inna ta tashi ta bar ɗakin kafin in rubuta: Haruna ɗan Garba, mai fito, dogo, da tabon ƙugiya a hannun hagu. Tun da aka kawo ni gidansa wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga gare ni.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka yi adalci a aikinka, ya mayar da kai ga iyalinka ba tare da sun yi irin jiran da nake yi ba.

Ba zan zauna jiran amsa ba. Yayana ya gama girbi, fataken albasa kuma za su tashi zuwa Yawuri bayan kasuwa mai zuwa. Inna ta sa mini albarka. Da su zan tafi.

Wassalam.

Ni ce matar mai fiton Rima, daga ƙasar Wurno.