Jan Fil a Kan Taswirar Ƙanƙara

Asabar, 6 ga Janairu 1968

Sallah ta wuce, aiki ya yi sanyi a masana'antar ƙanƙara. In ba masu kifi na kasuwar Bangala ba, babu mai neman ƙanƙara a wannan watan. Sai muka koma wa taswirarmu a shagon Usman mai gyaran rediyo, nan cikin Balad, tsohon garin Jidda. Bana shekararmu ta uku ke nan. Usman ya kamo mana tashoshin arewa, ni in rubuta rana da awon sanyi, Na'ibi tela ya soka fil da ɗan ƙullin auduga a duk garin da aka ce dusar ƙanƙara ta sauka. Mutane na wucewa suna mana kallon tsofaffin da suka rasa abin yi. Su suka sani.

Shekara ashirin da shida ina yin ƙanƙara da hannuna, amma ban taɓa ganin wadda ke saukowa daga sama ba. Tana ƙara in tana faɗowa? Ana iya alwala da ita? Na'ibi ya ce tsaki-tsaki take kamar gishiri. Usman ya ce ai a hoto garin sabulu ce sak. Ni na fi zaton irin farin da ke taruwa jikin bututunmu ce. Cikinmu babu wanda ya taɓa wuce Madina.

Yau fil biyu: Ankara da Arzurum.

Litinin, 8 ga Janairu

Na duba littattafan bara da bara waccan, na ga wani abu. Duk sanda Istanbul ta yi fari kuma iska ta juyo daga yamma, kwana huɗu ko biyar sai mu soka fil a Sham, washegari Amman. Sau uku hakan ya faru. Sanyin nan tafiya yake yi, zango-zango kamar ayari. Na nuna wa Usman, ya ce, "Ya Abu Mahmud, kai dai da ka yi boko da yanzu kai ke magana a cikin akwatin nan."

Abu Mahmud, wato uban Mahmud. Kowa a Jidda haka yake kira na, ni kuwa wata takwas rabon da in ce wa yaron ko kanzil.

Talata, 9 ga Janairu

Tunda littafina ne, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Shekara shida yana ƙarƙashina a masana'anta. Na koya masa haɗa ruwan gishirin da muke tsoma gwangwanaye a ciki su daskare, da yadda ake kwantar da ƙanƙara cikin garin katako ta yi kwana uku ba ta zube ba. Na yi magana da mai masana'anta ya yarda yaron ya gaje ni. Ranar da na gaya masa, a gaban leburori ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a kan aikin da ke narkewa kafin azahar ba. Ya tafi tuƙin babbar mota. Na rantse ba zan ƙara yi masa magana ba. Ran Sallah ya zo ya durƙusa, na miƙa masa hannu na kau da kai.

Matata Zaituna ta ce da ni yau, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, yaron nan fa ya yi arewa tun Laraba. Tuffa za su ɗauko a Sham." Tun da aka rufe mashigin Suwez kayan da yawa sun koma bin hanyar mota. Na ce ban tambaye ta ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Istanbul. Fari fat, in ji rediyo, har jiragen ruwa sun tsaya. Iska daga yamma.

Na karɓi wani fil mai jan kai wurin Na'ibi na soka a Sham. Ya ce na mene ne, ai ba a ce ta sauka can ba. Na ce alama ce kawai ta inda nake hasashe. Suka dubi juna shi da Usman. Na ga lokacin da suka yi.

Alhamis, 11 ga Janairu

Abin da ya hana ni sukuni tun jiya: ba ma cika gwangwani har baki, domin ruwa in ya daskare kumbura yake yi. To ruwan da ke cikin injin mota fa, in ta kwana a waje?

Da safe na samo guntun bututun ƙarfe, na cika shi da ruwa, na ɗaure bakinsa biyu da murfi mai zare, na jefa cikin tankin gishiri. Kafin azahar na ciro shi. Ya tsage daga sama har ƙasa, ƙarfe mai kaurin ɗan yatsana! Na daɗe ina juya shi. Da wani lokaci ne da murna zan yi, in kai wa su Usman su sha mamaki. Yau gabana ne ya faɗi.

Na nufi garejin manyan motoci da ke bayan unguwar Nuzla, na sami Hamad, ɗan Hausawan Sudan, wanda zai tashi da la'asar. Kamfaninsu ɗaya da yaron, kuma duk a shagon gahawa ɗaya suke yada zango a Ma'an, can kudu da Amman. Na tambaye shi me suke yi wa lagireto in sanyi ya yi tsanani. Ya ce, "Bargo muke rufa mata, ya ammi," wato baffa. Bargo! Wannan ne hunturunsu na farko a hanyar, dukansu 'ya'yan zafi ne. Na ajiye masa bututun a kan cinya. Dariyar ta tsaya.

Na ce duk inda suka tsaya kwana su zubar da ruwan injin kaf, da safe su ɗura mai ɗumi. Na ba shi buhun gishiri ɗaya na zubawa a gaban taya in hanya ta yi santsi, da buhunan algarara goma na shimfiɗawa. Na ce ya gaya wa duk direbobin, duka, ba mutum ɗaya ba. Kuma kada ya ce daga wurina ne.

"Tayyib," in ji shi. "In ce daga wa?"

Na ce ya ce daga rediyo.

Asabar, 13 ga Janairu

Halab ta samu. Na'ibi ya yi tsalle kamar shi ya aiko ta. Ya ce yana son sanin ko tana da ɗanɗano. Usman ya ce wani alhaji Baturke ya gaya masa in tana sauka gari yakan yi tsit, ko kare ba ya haushi. Wannan ya tsaya mini a rai. Ruwan sama da ƙara yake zuwa, ƙanƙarar dutse ma haka. Yaya abu zai rufe gari guda ba a ji motsinsa ba?

Lahadi, 14 ga Janairu

Sham. Kwana huɗu cif, yadda na faɗa. Usman ya sumbaci goshina a gaban masu saye. Ban ji daɗin cin gaskiyar ba ko kaɗan.

In su yaron sun yi lodi jiya, yau suna kusa da Amman. Na matsar da jan fil ɗin.

Litinin, 15 ga Janairu

Tashar Amman ta ce an rufe hanyoyi, har da ta kudu mai zuwa Ma'an. Motoci sun maƙale a hamada. Sanyi bakwai ƙasa da sifili. Tankinmu goma yake ƙasa da sifili, kuma na san abin da yake yi wa hannun mutum cikin minti ɗaya.

Na'ibi ya ɗauko auduga zai soka kusa da jan fil, sai ya fasa, ya mayar aljihu.

A gida Zaituna ta tare ni a bakin ƙofa. "Malam, kai da ke jin akwatin nan, me aka ce?" Na ce ana sanyi. Ta ce, "Shekara talatin ina zaune da kai, na san fuskarka in ƙanƙara ta fashe a gwangwani. Faɗa mini." Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da wace riga ya tafi ma ba ta sani ba, tunda ba a gidan nan yake kwana ba, kuma ta san dalili. Ta shige ɗaki.

Talata, 16 ga Janairu

Ba labari.

Laraba, 17 ga Janairu

Na shiga ɗakin ajiyar ƙanƙara da rigar shan iska kawai, na rufe ƙofa, in ga minti nawa mutum zai iya. Sha takwas. Haƙorana suna kaɗawa har leburori suka jiyo. Na gaya musu awo nake yi. Awon ne kuwa, amma ban rubuta shi a littafin taswira ba.

Hamad ya same su kafin ta sauka, ko a hanya suka saɓa? In ya same su, yaron zai ji maganar? Shi da ba ya son a koya masa komai. Wannan halin ban san inda ya samo shi ba. Zaituna ta ce ita ta sani.

Juma'a, 19 ga Janairu

Bayan masallaci na bi ta gareji, wai ina neman wani. Magatakardansu ya ce an bugo waya daga Tabuka: motoci sun fara shigowa, biyu an baro su a hanya injin ya fashe. Na wa? Bai sani ba. Mutane fa? "Inshallah khair," ya ce, ya ci gaba da shan shayinsa. Na so in kife masa tiren.

Da yamma Usman ya kunna rediyo, na ce ya kashe. Karo na farko cikin shekara uku.

Lahadi, 21 ga Janairu

Ina zaune a shagon Usman bayan la'asar, sai ga Hamad, leɓɓansa duk sun tsage. Yaron na bayansa, ya rame, yatsunsa biyu a naɗe da tsumma, ya rungumo akwatin tuffa.

Hamad ne ya yi ta zuba. Bai same su a Ma'an ba, sai ya wuce ya tarye su a wani zango arewa da garin, ana gobe za ta sauka. Kwana uku suka yi a wurin. Mota bakwai. Biyar sun zubar da ruwa, biyu suka ce wannan camfin tsofaffi ne, su ne aka baro. Babu wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Na'ibi sai tambaya yake jefawa: tana ƙara? Hamad ya ce, "Wallahi ko ƙis. Ka kwanta duniya baƙa, ka tashi fara." Ana alwala da ita? Sun narkar a butar shayi.

"Na ce musu daga rediyo ne," in ji Hamad. "Mahmud ya ɗaga buhu ɗaya ya dubi ɗaurin bakin, ya ce rediyon nan ɗaurinsa irin na Abuya ne." Abuya, haka yaron ke kira na.

Yaron ya ajiye akwatin a gabana ya buɗe. Buhuna ne, ninki uku. Ƙarƙashinsa garin katako, ya roƙo wurin wani kafinta a Ma'an. Ya sa hannunsa mai lafiyar ya tone a hankali. A tsakiya ga wani dunƙulen dusar ƙanƙara kamar lemo babba. Ya ce da girman tulu ya danƙara ta.

Na ɗauka. Ba ta da nauyin tamu, kuma ba ta da santsi. Na murza kaɗan, ta yi wani ɗan ƙuruc a yatsa ta watse. Ba gishiri ba ce, ba garin sabulu ba, ba kuma farin bututuna ba. Duk mun yi kuskure. Na'ibi ya lasa ya ce ɗanɗanon buhu take yi. Usman ya rufe shago don kada a taru.

Kwana uku a hanya, ta Tabuka da Madina da zafin Rabig, ta iso. Na duba shimfiɗar. Ya bar rami a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, ya juya buhun yadda saƙar za ta sha iska. Duk yadda na koya masa, babu abin da ya manta.

Na ji bakina ya ce, "Garin katakon ƙasa ya yi kaɗan. Da ka ƙara yatsa huɗu da ta kai biyun haka."

Ya ce, "Na'am, Abuya. Shi kaɗai kafintan ke da shi."

Na ce to.

Sauran na naɗe na kai wa Zaituna da gudu-gudu. Kafin ta iso hannunta ta koma kamar ƙwai. Ta riƙe har ta narke, ta shafa ruwan a fuska, sannan ta tambaya ko ya ci abinci.

Talata, 23 ga Janairu

Na ciyar da miskinai goma saboda rantsuwar. Liman ya ce haka ake yi. Ban gaya wa kowa a gida ba, amma na ga Zaituna ta ƙara shinkafa a tukunya ba ta tambaye ni ba.

Su Mahmud za su koma arewa ran Asabar. Na ciro tsohon ma'aunin sanyi na masana'anta, wanda ba a amfani da shi, na naɗe a tsumma. Taswirarmu ba ta da awon komai tsakanin Tabuka da Ma'an, rediyo ba ya faɗa, kuma giɓi ne babba. Ana bukatar wanda zai riƙa dubawa da asuba yana rubutawa. Saboda taswira ne kawai. Na kuma haɗa masa buhun garin katako, cikakke, ko za a dace.

Na'ibi ya ce in mayar masa da jan fil ɗinsa tunda hasashe ya ƙare. Na ce ya bar shi. Fil ɗin yana kan Jidda yanzu, a nan zai kwana huɗu. Mahmud ya ce zai zo cin abincin rana gobe.