Sun Ce Gigin Tsufa Ya Kama Ni

Zuwa ga ƙanena Shafik, Abu Fawwaz, a Sidni.

Bayan sallama irin ta addininmu, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ka gada wurin mahaifiyarmu. Mu nan Akkar sai godiya. Zaitun ya yi 'ya'ya bana, matar ɗana Nayif ta sauka lafiya an sami mace, uwargidana Umm Nayif kuma tana nan da mitarta. Jikata Wadad ce ke rubuta mini, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ka san idon ruwan garinmu ya janye tun bazara. Ashe shugaban gunduma, ɗan jam'iyyarmu, shi ya karkatar da shi zuwa otal ɗin surukinsa. Tashar talabijin ta 'yan adawa ta nuno baƙi suna ninƙaya, ta nuno matanmu da jarkoki a layi, safe da yamma kamar ba wani labari a duniya. Tashar jam'iyyarmu kuwa da fari ta ce hoton na wata ƙasa ne, daga baya ta ce makirci ne. Da abin ya ƙi mutuwa, sai suka shirya fim a kan yadda jam'iyya ta haƙa magudanar ruwan nan ta garinmu a shekarar da aka yi fari, wai mai ba da ruwa ba ya satar ruwa. To wa kake tsammani suka ɗora a kujera ya ba da tarihin? Hikmat! Wato Abu Ziyad, wanda a shekarar yana Bairut yana tallar goruba ko me, bai taɓa riƙe diga ba. Suka ɗaura masa sabon rawani, suka taje masa gemu, ya ce shi ya fara shiga ramin da igiya a ƙugu, alhali ni aka zura. Har da hawaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Na tambayi sakataren jam'iyya me ya hana a kira ni, ya ce wai Abu Ziyad ya fi kyan fuska a hoto, ni kuma ba na tsayawa inda aka ce in tsaya.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ci ni. A gidan gahawa yanzu shi ake tashi wa, yara suna ce masa Hajj tarihi, yana shafa gemu kamar shi ya shuka shi. Shi ya sa da 'yan ɗaya tashar suka zo, na ba su kujera ƙarƙashin itacen ɓaure. Na faɗa musu komai tun daga hantsi har la'asar: cewa mutanen gari ne suka yi haƙar, jam'iyya ta kawo shebur da burodi, Allah Ya saka mata, kuma shugaban yau ya ci amanar wancan burodin. Da suka nuna, kalma biyar kacal suka bari, wai jam'iyya ba ta haƙa ba. Sauran duk sun zubar.

Washegari jam'iyyar da na yi wa tsaron akwatin zaɓe tun ina da baƙin gashi ta fitar da sanarwa. Ba su zage ni ba, da ma zagin suka yi. Cewa suka yi suna girmama dattijonsu Abu Nayif, amma gigin tsufa ya kama shi, abin kunya ne a yi amfani da marar lafiya. Tun daga ranar ba mai maganar ruwa. Gardamar gari ta koma ko ni Mulhim ina cikin hankalina. Mai burodi har tambayata ya yi, a hankali, ko na gane hanyar gida.

A zaman makokin Abu Talal, Allah Ya jiƙansa, Hikmat aka fara zuba wa gahawa mai ɗaci, ni da na girme shi ina kallo. 'Ya'yan mamacin suka tambaye shi sunan kakan ubansu, ya ce Dahir. Kai ka san Dirgham ne, Dahir ƙaninsa ne da ya rasu bai yi aure ba. Na gyara masa, sai babban ɗan ya dafa kafaɗata ya ce in huta, Ammu, wato baffa, kada in wahalar da kaina.

Shafik, cikin waɗanda suka riƙe igiyar nan kai kaɗai ka rage. Ka sa Fawwaz ya ɗauki muryarka a waya, ka faɗi wanda aka zura ramin, ka faɗi inda Hikmat yake a shekarar, ka aiko wa Wadad. Ba talabijin zan kai ba, na ƙoshi da su duka biyun. A gidan gahawa zan kunna. Kada ka yi nawa irin naka, domin in na riga Hikmat tafiya, shi za a tambaya ko ni wane ne.

Ka gaishe da Umm Fawwaz, da Fawwaz da Itaf da yaransu, da ɗan baffanmu Sabri in har yanzu yana gaisuwa.

Yayanka da hankalinsa ke nan daram,
Mulhim, Abu Nayif.