Fitilar Hodi a Ramin Gas

Argungu, 9 ga Maris, 1987

Zuwa ga ɗana Riskuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da malamanka na jami'a. Mu nan sai godiyar Allah. Kakarka Inno tana gaishe ka.

Maganar ramin gas ce, wanda ka gina mana bayan ɗakin girki. Na yarda ne don ka ce binciken digirinka ne, kuma zai raba mata da hayaƙin itace. Ban musa ba, mun ci tuwon da iskar kashin shanu ta dafa, har matan unguwa suna zuwa kallo. Amma tun makon jiya murhun ya daina kamawa, ga wani huci yana fita ta gefen murfin ramin kamar na maciji. Inno ta daina bin wajen. Ka ajiye mana abu ka koma Sakkwato ba ka koya wa kowa gyaransa ba. Ba haka na tarbiyyantar da kai ba. Zan kira Hodi mai yasar rijiya ya duba.

Ka riƙe salla. Mahaifiyarka,
Sauda

Birnin Kebbi, 14 ga Maris, 1987

Riskuwa,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Daga asibiti nake rubuto maka.

Hodi ya zo ranar Laraba. Ka san al'adar masu yasar rijiya, ba sa shiga rami sai sun zura fitila da igiya. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau. Ya ɗaga murfin, ya yi bisimilla, ya leƙa yana zura fitilar. Ban ƙara ganin komai ba sai wuta ta yi sama har ta taɓa reshen darbejiya. Fuskarsa da hannuwansa sun ƙone. Likita bai ce komai ba tukuna game da idanunsa. Matarsa Laure tana zaune ƙasa kusa da gadon, ko kallona ba ta yi.

Direban da ka aiko ya ce za ka zo Juma'a ka shiga ramin da kanka, wai masu jarrabawa za su zo dubawa ƙarshen wata. Ban yarda ba. Ilimin da ba ya jin maganar uwa ba shi da albarka.

Mahaifiyarka,
Sauda

Argungu, 18 ga Maris, 1987

Ɗana Riskuwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya karatu? Hodi ya fara ganin haske da idon dama, alhamdu lillahi.

Na san halinka, halin mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa: in kun sa kai ba mai juya ku. Tun da saƙonka ya zo, duk sanda na rufe ido kai nake gani da igiya a ƙugu. Don haka jiya na hana kowa hura wuta a gidan, na sa aka kawo yashi daga bakin gulbi da jakuna. An cike ramin har baki, ina tsaye.

Na san wahalar da ka sha a kansa, kuma ban san abin da za ka nuna wa masu jarrabawa ba. In wani za ka gina, ka gina a jami'a, inda aka san halinsa. Ranar Juma'a ka fara wucewa asibitin Birnin Kebbi ka gaishe da Hodi, ka durƙusa wa Laure. Daga nan ka taho gida ka yi fushi da ni yadda kake so, zan ɗauka.

Allah ya yi maka albarka. Mahaifiyarka,
Sauda