Ƙafafun keken da ka aiko

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Hajara da yara. Yaya zaman Kwatano? Mu nan Bagudo sai godiya.

Ka tambaya ko sababbin ƙafafun keken da ka aiko sun fi tsofaffin. Yaya, ban sani ba. Na kai wa Bello ɗan Kawu ya ɗaura mini. Na hau zuwa kasuwar Lolo, na ji keken ya yi sauƙi cikin rairayi, har na riƙa yabonsa a majalisa. Shekaranjiya na ratsa ruwa a hanyar Geza, birki ya goge fenti, sai ga tsofaffin ƙafafuna da tsatsarsu. Ashe fenti Bello ya shafa musu, naka kuwa ya sayar wa wani ɗan Kamba.

Da na tunkari Bello, dariya ya yi: "Haba Yaya, ba kai ka ce ya fi gudu ba?"

Na faɗa ɗin kuwa, a gaban mutane. Shi ya sa har yau na kasa kai ƙara wurin Kawu.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida. Don Allah kada ka aiko wasu.

Ƙaninka,
Sani