Gashin Baba Mai Agogo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene. Mu nan lafiya lau. Uwar yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, Inna kuma tana nan da bakinta, kullum sai ta ce kin manta da ita. Ni dai jikina ƙalau yake, zuciyar ce ba ƙalau ba. Yaya, na yi ɓarna, kuma da hannun da nake neman abinci na yi ta.

Kin tuna Baba Mai Agogo, dattijon nan baƙo mai rawani da farin gemu, wanda shagonsa ke manne da nawa. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya muke jingina. Shi yake riga ni buɗewa, ya share ƙofarsa ya haɗa da tawa. Kullum ina tsokanarsa cewa ga shi maƙwabcin mai aski amma bai taɓa zama a kujerata ba, ko rowa ce ko raini. Sai ya shafa gemu ya yi dariya, ya ce wata rana. Na san addininsa ba namu ba ne, amma ban taɓa tambayarsa komai a kai ba, don a ganina zaman lafiya shi ne kowa ya kama bakinsa.

Sati uku da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta ɗauke, hannun dama ya mutu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa tilo yana wata ƙasa yana fama da takardun tafiya, don haka ni nake zuwa asibiti da rana in zauna da shi. An cire masa rawani, sai na ga gashi har gadon baya, ya cukurkuɗe da gumi ya manne da matashin kai. Tausayi ya kama ni. Mai aski in ya ga mara lafiya, me zai ba shi in ba aski ba? Haka na yi wa mahaifinmu lokacin da ya kwanta, kin tuna yadda ya ji daɗi. Washegari na ɗauko kayana, ma'aikaciyar jinya ta ce ba laifi tunda ni ke kula da shi. Na aske kan tas, na rage gemun, har ina ce masa yau dai wata ranar ta zo. Yana ta ɗaga hannun hagu, yana wani irin nishi, hawaye na bin kuncinsa. Wallahi na ɗauka godiya ce. Har riƙe hannun na yi don kada reza ta yanke shi.

Da yamma 'yata Auta ta zo duba shi. Kin san a jami'a ta ɗauki wani darasi na addinan duniya, wanda na yi ta faɗa a kansa, na ce wanda bai gama sanin nasa ba me ya kai shi leƙen na wasu, har na sa ta yi alkawarin ajiye shi ƙarshen zangon nan. Tana shiga ta toshe baki, ta ja ni waje. Ta ce mutanen addininsa ba sa yanke gashi tun daga haihuwa har mutuwa, amana ce tsakaninsu da Mahalicci, rawanin ma don suturta shi ne. Ta ce tun farkon zango aka koya musu wannan, ta dawo da murna za ta ba ni labarin maƙwabcina, na ce kada ta kawo min zancen darasin nan cikin gidana. Abin da bawan Allah ya riƙe shekara saba'in da ɗoriya, ni na sauke shi cikin minti goma sha biyar, ina raha. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tun ranar, in na shiga sai ya juya fuska bango. Yana karɓar ruwa a hannun Auta, nawa kuwa sai ya rufe baki. Na durƙusa na roƙe shi gafara, ban san ko ya ji ba. Gashin ban zubar ba, na koma na tattara shi, yana cikin farin ƙyalle a aljihun teburin shago. Auta ta bincika littattafanta, ta ce ba ta ga inda aka faɗi abin da ake yi a irin wannan hali ba. Na ce ta ci gaba da darasinta, ta ce to.

Kin taɓa ce min a gidan kula da tsofaffin da kike aiki akwai masu irin rawaninsa. Don Allah ki tambayar min ɗaya daga cikinsu: me ake yi da gashin, kuma me mutum zai ce a yafe masa? Duk abin da suka faɗa ki rubuto min, kada ki sassauta. Ɗansa zai iso mako mai zuwa, ban san da wace fuska zan tarbe shi ba.

Ki gaida maigidanki, da Baffa Dogo, da Ƙaramar Goggo, da tagwayenki. Inna da uwar yara da Auta suna gaishe ki. Ki sa ni a addu'a. Gashi yana tohowa, Yaya, wannan sana'ata ce na sani. Jiya na leƙa Baba yana barci da rana, gashin ya fara fitowa kamar tsinin allura. Sai dai likita ya ce jikin kullum ƙara rauni yake, ba na jin Baba zai kai ranar da za a sake naɗe gashin cikin rawani.

Ƙaninki,
Mai Aski