Miyar Kuka Babu Daddawa

Assalamu alaikum, mijina Sagiru. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan cikin birni lafiya lau. Matarka na ta wankan jego, jinjiri kuwa ya kwaso hancinka, Allah ya ba shi haƙuri.

To ni fushi nake da kai. An ce ka aiko kada a ba Iya Ladi aikin abincin suna, wai girkinta ya tsufa, a ba yaron nan mai gidan abinci a unguwar Kongo da ake nunawa a waya. Iya Ladi fa, wadda tun kana rarrafe take sayar da tuwo a bakin kasuwa, kana suɗe mata kwano!

Don kada a ce ban yi adalci ba, na hau keke napep na je na ɗanɗana. Wuri tsaf, har da furanni. Amma miyarsa kamar an jiƙa kuka a ruwan wanka. Na ce, "Ɗan nan, ina daddawa?" Ya ce, "Hajiya, warinta ke korar baƙi." Wari! Ƙamshin da ya raini ubanka! Ya kuma miƙo mini cokali, ni da hannuna.

Iya Ladi ta ji labari. Da ta zo barka, ni ce na kasa haɗa ido da ita. Na ce ta kai dawa niƙa, aikin abincin suna nata ne. In ba ka yarda ba, ka zo ka faɗa mata da bakinka.

Ka gaishe da abokan zamanka, ka sa gwiwata a addu'a.

Kakarka, Kulu