Na koya wa yara lissafi da ƙwallon dabino, yanzu ana kirana 'yar duba

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah a saka mani wannan ba tare da sunana ba, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, don yadda zuciyata ke tafasa in na bi ta zan aikata abin da ba ya gyaruwa.

Ni malama ce, shekarata shida ina koyarwa. Haifaffiyar Tibiri ce, aure ya kawo ni Maradi, ina aiki a wata lekol, wato makarantar boko, mai zaman kanta a unguwar Zariya. Ajin CI nake riƙe, wato ƙananan da suka shigo bana. Duk wanda ya koyar da irinsu ya san abin da nake nufi, yaro zai rera maka ƙirga da faransanci har ashirin kamar waƙa, amma ka ce ya miƙo maka alli bakwai sai ya tsaya yana kallonka. Wannan abu ya daɗe yana damuna, shi ya sa na daina cika masu allo da lambobi. Na tara ƙwallayen dabino da marafan kwalba, yayana da ke noma a Jiratawa ya kawo mani karan gero, na yayyanka, yara da hannunsu suke ɗaure su goma goma. Sai mu fita ƙarƙashin itacen bedi, in zana da'ira a ƙasa, yaro ya watsa ƙwallaye goma, ya ƙirga nawa suka faɗa ciki, nawa suka faɗa waje. Yau shida da huɗu, gobe bakwai da uku, da kansu suke ganewa duk goma ne. Wallahi kafin hutun farko yarana sun fara tarawa da ɗebewa, babu bulala babu kuka.

To akwai wata abokiyar aikina, bari in kira ta Madam Rabi, ita ke riƙe da ɗayan ajin CI ɗin. Ta girme ni, ta riga ni aiki da shekaru, Yaya nake ce mata, kwano ɗaya muke ci lokacin hutun tara. Da ansfekta mai duba makarantu ya zo zagaye ya ga yadda muke yi, ya yaba, har ya ce wa direkta a bar Madam Rabi ta riƙa shigowa ajina tana gani. Tun daga ranar na ga fuskarta ta canza. In na gaishe ta sai ta ce sannu farfesa. Na ɗauka wasa ne.

Sati biyu da suka wuce sai ga bidiyona a gurup ɗin iyayen yara. Gajere ne, an yanke farkonsa da ƙarshensa. Abin da kawai ake gani, ga ni durƙushe ina zane a ƙasa da yatsa, na watsa ƙwallaye, na sunkuya bakina na motsi, yara sun kewaye ni. Ƙirgawa nake yi jama'a, ƙirgawa! Wadda ta saka shi uwar wata ɗalibata ce, matar wani babban ɗan kasuwa, zan kira ta Hajiya. Ta biyo shi da vokal, wato saƙon murya, mai tsawo, wai an kawo 'ya'yan Musulmi karatu ana koya masu bugun ƙasa, wai ɗiyarta ta koma gida tana zane a tsakar gida tana watsa tsakuwa tana magana ita kaɗai, wai wata malama mai tsoron Allah ta tabbatar mata ni 'yar Tibiri ce, gidanmu 'yan bori ne, gado na yi.

Ban san yadda zan kwatanta maku abin da na ji ba. Mahaifina har ya rasu shi ke jan salla a masallacin unguwarmu. Kuma ko da a Tibiri akwai masu yin abinsu, sai a ce duk wanda aka haifa can boka ne? Hajiya ba ta taɓa taka ƙafarta ajina ba, direba ke kawo yaran ya maida su, ko taron iyaye ba ta zuwa. Ɗiyar nan tata da ta shigo ko biyar ba ta iya ware maka, yau ita ke taimaka wa na kusa da ita. Maimakon na gode, abin da na samu ke nan.

Kafin kwana uku vokal ɗin ya zagaye gari. Maigidana tela ne a Sabon Gari, a shagonsa wani ya kunna shi ana dariya, bai san matar mai shagon ake zagi ba. Ya dawo ko abinci bai ci ba. Innata ta kira ni daga Tibiri tana kuka, ta ce, "Me kika yi wa mutane har aka tono mu?" A makaranta kuwa yara bakwai aka hana zuwa ajina. Wata maƙwabciyata da muke mutunci ta aiko a asirce wai in duba mata ko mijinta zai dawo daga tafiya. Har yau ban sani ba ko izgili take ko da gaske.

Da na sake kallon bidiyon da kyau sai na gane daga tagar ajin Madam Rabi aka ɗauke shi, har ƙarfen tagar ya fito. Na same ta ita kaɗai na tambaye ta. Ba ta ma musa ba. Ta ce ita dai ta tura wa Hajiya ne ta ga yadda ake birgima da ɗiyarta cikin ƙasa da sunan karatu, in Hajiya ta fassara shi da wani abu ba ruwanta. Na ce maganar Tibiri fa, wa ya faɗa mata? Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To ƙarya ne ba can aka haife ki ba?" Na faɗa mata maganganu, ban ɓoye maku ba, na kira ta munafuka, na ce hassada za ta kashe ta, na ce shekarun da ta yi ba koyarwa take ba, tsoratar da yara take. Ita ma ta rama, sai da masu gadi suka shiga tsakani.

Direkta ya kira ni ofis. Ya ce shi ya san ƙarya ce, da idonsa ya ga amfanin aikina, amma gidan Alhaji mijin Hajiya da na ƙannensa yara da yawa gare su a makarantar, ba zai iya rigima da su ba. Ya ce ranar Asabar akwai taron iyaye, wannan karon har Hajiya za ta zo, in tashi in ba da haƙuri a kan rashin fahimta, in yi alkawarin ba zan ƙara fita da yara waje ba, kayan kuma a zubar. Na ce wace rashin fahimta, ni aka yi wa ƙazafi kuma ni zan ba da haƙuri? Ya ce, "Madam, ki yi tunani, aiki wuya gare shi yanzu." Ita Rabi ko kiranta bai yi ba.

Ga inda nake neman shawararku, kuma a nan ni ma ba wankakkiya ba ce. Bara babbar ɗiyar Hajiya tana ajin Madam Rabi. Wata rana yarinyar ta kasa lissafi a allo, Rabi ta kama hannunta ta buga mata gefen rula a yatsu da ƙarfi, ƙaramin yatsan ya karye. Ina bakin ƙofa na zo aron alli, a idona aka yi. Rabi ta riƙe ni tana kuka, ta ce in Alhaji ya ji ta gama aiki, ga marayu tana riƙo. Sai muka haɗa baki muka ce ƙofar aji ce ta datse ta. Ni na faɗa wa direkta haka da bakina, ni na faɗa wa direban da ya zo ɗaukarta. Yarinyar tsoro ya hana ta magana. Har yau yatsan a karkace yake, ba ta iya riƙe biro daidai, kuma kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ni.

Wannan ita ce malama mai tsoron Allah da Hajiya ke yabo. Ina so ranar Asabar in tashi gaban kowa in faɗa, in ga fuskar su biyun. Na san in aka kira yarinyar aka lallashe ta za ta faɗi gaskiya. Amma in na faɗa na tona kaina, za a ce wadda ta yi shaidar ƙarya bara me zai hana ta yi bana, mai yiwuwa a kore mu tare. Maigidana ya ce in ajiye aikin kawai in bar su da Allah. Innata ta ce in ba da haƙurin a wuce wurin. Ni kuma in na ba da haƙuri kamar na amsa cewa duba nake yi, sunan zai bi ni har 'ya'yana, kuma in koma ina sa yara rera abin da ba su gane ba. In na tafi shiru, Rabi ta ci nasara, yarana su koma hannunta da rularta.

Abin da ya fi ci mani rai, shekara guda ina ganin yatsan yarinyar nan ban ce komai ba, sai yau da aka taɓa ni. Na san ba don ita nake son faɗa ba, don in rama ne. To ku gaya mani tsakaninku da Allah, in tona ko da zan faɗi tare da Rabi? In ba da haƙurin abin da ban yi ba? Ko in tafi? Kuma malaman addini da ke cikin gidan nan ku faɗa mani, in mutum ya faɗi gaskiya da mugun nufi, ya fita haƙƙin yarinyar ko ya ƙara wa kansa wani laifin ne?